Gwaji ya nuna babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya: in yi tiyatar buɗe hanya ko mu tafi dashe?

Mai Jiran Rabo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na ce uffan ba, kuma da ba don tura ta kai bango ba da yau ma ba zan yi magana ba. Shekaruna 39, maiɗakina tana da 33, aurenmu ya shekara takwas, kuma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A tsawon waɗannan shekaru ita ce ta sha zaryar asibiti. An yi mata sikanin, an ɗebi jininta ba adadi, an yi mata hoton bututun mahaifa wanda ta kwana biyu tana fama da ciwon mara a bayansa, ban da saiwoyi da rubutun sha da 'yan'uwa suka yi ta aiko mata. Ni kuwa ban taɓa kawowa a raina cewa daga wajena matsalar take ba, domin lafiyata ƙalau a shimfiɗa, kuma maniyyina yana fita kamar yadda na saba gani tun balagata.

Bara wata likitar mata ta ce ba za ta ƙara rubuta wa maiɗakina ko ƙwayar magani ɗaya ba sai na kawo nawa gwajin. Na yi, takarda ta fito da sifili a gurbin ƙwayoyin haihuwa. Na ce kuskuren masu gwajin ne, na sake a wani wuri bayan wata biyu, aka sake samun sifili, ko da yake yawan ruwan ya kai mililita 3. Daga nan aka tura ni wajen likitan mafitsara. Ya duba ni da hannunsa, ya ce 'ya'yan maraina girmansu daidai ne, sinadarin FSH da ke jinina, wanda yakan hau idan maraina sun gaza yin ƙwayoyin haihuwa, shi ma bai hau ba, amma ya ji tauri a bayan kowanne daga cikinsu. Ya tambaye ni ko na taɓa yin ciwon sanyi. Gaskiya na taɓa yi ina da shekara 23, kunya ta hana ni zuwa asibiti, na sayi kafso a kemis na sha kwana uku, daga baya marainan suka kumbura na kusan mako biyu sannan suka sace. Na kuma gaya masa na yi tsargiya ina yaro, kamar duk sa'o'ina da muka tashi muna wanka a kududdufi.

Abin da ya ce shi ne jikina yana yin ƙwayoyin, hanyar fitarsu ce ta toshe, kuma zaɓi biyu ne a gabana: ko a yi mini tiyata a kewaye wurin da ya toshe, ko a zuƙo ƙwayoyin da allura a haɗa da ƙwan matata a ɗakin gwaji a dasa mata. A lokacin kaina ya ɗau zafi, ban iya tambayarsa komai ba. Yanzu ina roƙon masana su yi mini bayani: ta yaya maniyyi zai fita cikakke amma babu ƙwaya a ciki, wace hanya ce ta fi dacewa da mai irin halina, kuma shin dashen ya halatta, ɗan da za a samu nawa ne a shari'a? Har yanzu daga ni sai maiɗakina muka san sakamakon, ga shi mahaifiyata ta matsa lallai in ƙara aure kafin azumi.

Likitan Mafitsara ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Jiran Rabo, sannu da ƙarfin hali. Ban duba ka ba, saboda haka maganar likitanka ce a gaba da tawa, amma idan abin da ka kawo haka yake, to ka sani cewa a cikin mazajen da takardarsu ke fitowa da sifili, kana cikin rukunin da muka fi samun sauƙin taimakawa. Kimanin namiji ɗaya cikin ɗari ne ba a samun ƙwaya a maniyyinsa, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗannan toshewar hanya ce ke damunsu. Sauran su ne waɗanda marainan kansu suka gaza yin ƙwayoyin, kamar wanda hangum ya taɓa masa maraina bayan ya balaga, kuma nasu aikin ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin hanyar da ƙwayar take bi. Ana yin ta a cikin ɗan maraina, aikin da yake ɗaukar kimanin kwana 74. Daga nan ta shiga wani siririn bututu da yake naɗe a bayan ɗan marainan, wanda muke kira efididimis, da za a warware shi zai kai mita shida, amma faɗinsa bai kai rabin milimita ba. A cikinsa take ƙosawa ta koyi iyo. Sai ta faɗa babban bututu mai kauri kamar igiya, wanda yake haurawa ta matsematsi ya zagaya bayan mafitsara, kuma a can ne kawai take haɗuwa da ruwan da muke gani. Ruwan nan mafi yawansa daga wasu jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, sai kuma furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara, ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi biyar cikin ɗari na abin da ke fita ba. Don haka idan hanya ta toshe tun daga ƙasa, ruwa zai zo da yawansa da launinsa, sha'awa da kuzari ba za su ragu ba, kuma babu idon da zai gane babu fasinja a ciki sai madubin ɗakin gwaji.

Mililita 3 ɗin nan da ka ambata yana da ma'ana a wajenmu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mililita 1.4 a matsayin iyakar ƙasa. Da toshewar a can sama take, wato a mashigar da ruwan yake bi ta cikin furostet, da mun ga ruwa kaɗan ƙwarai, mai tsami a ma'auni, marar sukarin da jakunkunan suke zubawa. Tsargiya takan yi ɓarna a can, domin ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a jakunkunan da furostet su bar tabo, kuma irin wannan toshewar ana iya kankare ta da na'ura ta mafitsara ba tare da an tsaga fata ba. Naka bai yi kama da haka ba. Cikakken ruwa, tauri a bayan maraina biyu, da tarihin kumburi bayan ciwon sanyin da ba a gama kashe shi ba, duk suna nuni ga tabo a cikin siririn bututun. Ina so ka tabbatar da abu ɗaya daga likitanka, ko ya ji babban bututun da yatsunsa a dama da hagu, domin akwai mazan da aka haife su babu shi sam, abin da yake da alaƙa da gadon wata cutar huhu da ta fi yawa a Turawa, kuma su babu zancen tiyatar gyara a kansu, har ma ana so a gwada jinin matansu a kuma duba ƙodar su mazan.

Tiyatar gyara ita ce a tsaga maraina, a nemo siririn bututun kafin tabon, inda ƙwayoyi suke maƙare, a ɗinka shi kai tsaye da babban bututun. Ana yin ta a ƙarƙashin madubin tiyata da zaren da ya fi gashi siranta, takan ci awa uku zuwa huɗu, kuma tana cikin ayyuka mafi wuya a fanninmu. A hannun waɗanda suka ƙware, fiye da rabin mazan da aka yi wa sukan ga ƙwayoyi sun dawo, amma waɗanda matansu suke samun ciki da kansu ba su wuce kimanin ɗaya cikin uku ba, kuma dawowar ƙwayoyin tana iya ɗaukar wata uku har zuwa shekara ɗaya ko fiye. Wani lokaci sai an buɗe ake tarar da toshewar a wurare da yawa, musamman idan tarin fuka ne ya sauka wurin, sai a rufe ba a gyara komai ba. Alherinta shi ne idan ta yi kyau an huta, haihuwa ta biyu da ta uku ba sa buƙatar asibiti, kuma jikin matarka ba ya shan komai.

Hanya ta biyu ba ta gyara komai, tsallake toshewar take yi. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978 ake haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, sai dai a wancan salon ana zuba dubban ƙwayoyi ne a kewayen ƙwai a bar su su huda da kansu, ƙwayar da aka zuƙo daga maraina kuwa ba ta cika iya wannan ba. Abin da ya canza labarin maza irinka shi ne aikin da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka yi a wata jami'a da ke birnin Burasel na Beljiyam, inda aka haifi jariran farko a 1992: a ɗauki ƙwaya ɗaya tak da allurar gilashi a cusa ta cikin ƙwai ɗaya. Wannan shi muke kira iksi. Da shi, idan an samu ƙwai goma daga matarka, ƙwayoyi goma masu rai kawai ake nema daga gare ka. Ana samo su ta hanyar soka ƙaramar allura a bayan ɗan maraina bayan an kashe wurin, ko a yanki ɗan tsoka kamar ƙwayar shinkafa daga cikinsa, ko a buɗe da madubi a kwaso da yawa. A wajen mai toshewa da wuya a rasa, kuma abin da ya ragu ana daskarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi shekaru bai lalace ba. A Najeriya ma aikin ba baƙo ba ne. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara haɗin ƙwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980, an haifi wata yarinya ta wannan hanya a Abuja a 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada, kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da sashen.

Idan ka ce in zaɓa maka, zan ce shekarun maiɗakinka ne alƙalin, ba naka ba. A 33 tana da ɗan sarari, amma ingancin ƙwai yana fara raguwa sosai daga 35, ya faɗi ƙwarai bayan 40, kuma mace mai ƙasa da 35 ma damar haihuwarta a dashe ɗaya ba ta wuce kusan ɗaya cikin uku ba. Da ƙanina ne kai, kuma da akwai likitan da ya saba wannan ɗinki da madubi, da na ce a yi tiyatar a asibitin da za su kwashi ƙwayoyi su daskarar a ranar, ta yadda idan shekara ta zagayo babu labari sai a wuce dashe ba tare da an sake taɓa ka ba. Idan babu irin wannan likitan a kusa, kada ka bari wanda bai saba ba ya koya a jikinka. Kafin nan kuma ka nisanci allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, da magungunan ƙarfin maza da ba a san haɗinsu ba, domin testosteron da aka shigar daga waje yana dakatar da yin ƙwayoyin, ka ga an rufe masana'antar da ita kaɗai ce jarinka.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, Allah ya kawo mafita. Likita ya yi bayanin ɓangarenka, ni kuma zan faɗa maka ɓangaren matarka, domin na bi wannan hanya da ƙafata. Maigidana tiyatar kaba aka yi masa a ɓangarori biyu yana ƙarami, ashe a nan bututun ya samu rauni, kuma ba mu sani ba sai da muka shekara goma sha ɗaya da aure, lokacin ina da 36. Likitoci suka ce babu lokacin jiran tiyata, muka tafi dashe.

Aikin da aka yi masa bai kai rabin awa ba, ya kwana biyu yana takawa a hankali, shi ke nan. Ni kuwa na yi kwana goma sha ɗaya ina soka wa kaina allura a ciki kullum a lokaci guda, ina zuwa sikanin bayan kwana biyu ko uku, sannan aka yi mini allurar ƙarshe da dare wadda aka ce bayan awa 36 daidai za a kwashi ƙwai. Aka sa ni barci aka zuƙo su ta ƙasa. Cikina ya kumbura ya yi nauyi na kusan mako guda, har aka tsorata kada ruwa ya taru mini. Bayan kwana biyar aka dasa, sai jiran mako biyu, wanda ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Na farkon bai kama ba. Kuɗin da muka sayar da fili muka haɗa ya tafi, kuma babu wanda na iya yi wa kuka a gidanmu, saboda babu wanda ya san abin da muke ciki. A karo na biyu, bayan shekara ɗaya, da ƙwayoyinsa da aka daskarar aka yi amfani, Allah ya ba mu tagwaye. Kada sunana a zauren nan ya ruɗe ka ka ɗauka tagwaye riba ce zalla: an haife su wata bakwai da 'yan kwanaki, sun yi mako biyar a kwalba, ni kuma hawan jini ya kusa tafiya da ni. Da yau ne, ɗaya zan ce a dasa mini a daskarar da sauran.

Idan kun je asibiti, ka tambaye su mata nawa ne masu shekarun matarka suka rungumi jariri, kada ka tsaya a kan nawa ne gwajin fitsari ya nuna ciki. Ka sa a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, domin magana ce ta miliyoyin naira, kuma sau da yawa allurai da zuƙo ƙwayoyin namiji da kuɗin ajiya na shekara duk daban ake lissafa su. Ka tambayi yadda suke sa suna a kan kwanukan da ake haɗa ƙwai da maniyyi a ciki, da ko mutum biyu ne suke shaida kowane mataki. Ina faɗin wannan ne saboda a wuri na farko da muka je wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce idan ina so a sauƙaƙe akwai maniyyin da suke da shi a ajiye, ba sai maigida ya sani ba. Daga ranar ban sake taka ƙofarsu ba.

Zancen ƙarin aure kuwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Matarka ta shekara takwas tana ɗauke da sunan da ba nata ba, yanzu kuma ita ce za ta miƙa jikinta ga allurai saboda larurar da take jikinka. Ba sai ka tara dangi ka karanta musu takardar ba, amma Hajiya ta cancanci ta ji daga bakinka cewa likita ya wanke surukarta, kuma amarya ko huɗu aka kawo, hanyar da ta toshe ba za ta buɗe don an yi buɗar kai ba.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan mas'ala malamai sun daɗe da zama a kanta, kuma abin da zan kawo ba ra'ayina ba ne. Tun a 1980 Shaihu Jadul Haƙ, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa a kanta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta tattauna ta a Makka a 1984 da 1985, sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke matsaya a zamanta na birnin Amman a 1986. Abin da suka haɗu a kai shi ne idan maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, aka haɗa su a waje aka mayar cikin mahaifar wannan matar, alhali igiyar aure tana nan, to ya halatta idan akwai buƙata, tare da ɗaukar duk matakan da za su hana cakuɗuwa. Ɗan da aka samu ɗanka ne, zai ɗauki sunanka, ya gaje ka ka gaje shi, babu bambanci tsakaninsa da wanda aka samu a shimfiɗa. Fitar da ƙwayar da allura maimakon ta fito da kanta ba ya canza hukuncin, domin abin lura shi ne daga tsatson wa ta fito, kuma neman magani abu ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da shi.

Abin da suka haramta shi ne shigowar mutum na uku ta kowace fuska, ko da maniyyi, ko da ƙwai, ko da aron mahaifa. Saboda haka tayin da aka yi wa 'yar'uwarmu Uwar Biyu haramun ne ko da mijin ya yarda, balle a ɓoye masa, kuma Allah ya saka mata da alheri da ta juya baya. Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman, mu da muke da mata fiye da ɗaya: a zaman 1984 majalisar Makka ta yi sassauci cewa ana iya dasa ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta tunda mijinsu ɗaya, amma a 1985 ta janye wannan, saboda kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa gane wace ce uwar wane. Haka kuma abin da aka daskarar yana bin igiyar auren ne. Idan miji ya rasu ko aure ya ƙare, ba a dasa shi. Yana da kyau ka sa a rubuta wannan sharaɗi a takardar yarjejeniyar da za ku sa wa hannu.

A kan ƙarin aure, halal ne a asalinsa, ba ni da ikon hana ka. Sai dai an rawaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa da ya koma ya sanar da matar da ya aura, sannan ya ba ta zaɓi. Kai yanzu ka san abin da ba ka sani ba a aurenka na farko, kuma ɗauko 'yar mutane a kan fatan haihuwa ba tare da an gaya mata ba yaudara ce. Allah shi ne mafi sani.

Baban Sadiƙu ya amsa:

Ni ina da ɗan saɓani da yadda ake saurin tura mutane dashe, kuma ina magana ne a matsayin wanda aka yi wa tiyatar. Labarina kusan irin naka ne, Malam, har da kafson kemis. Asibitin dashe biyu na je, kuma babu inda aka ambata mini cewa ana iya gyara hanyar, sai da wani abokin aikina ya haɗa ni da likitan mafitsara. Ban ce mugunta ce ba, amma kowa abin da ke shagonsa yake tallatawa. An yi mini aikin a ƙasar waje saboda a lokacin ban samu wanda ya saba yin sa da madubi a kusa ba, kuma kuɗin tafiya da aikin gaba ɗaya bai wuce abin da aka yanka mini na dashe biyu ba. Wata shida na farko gwaji uku na yi, duk sifili, har gwiwata ta yi sanyi. A wata na takwas aka ga ƙwayoyi 'yan kaɗan, a wata na goma sha huɗu sun kai miliyan 11 a mililita, kuma ko da yake an ce hakan bai kai ma'auni ba, a shekara ta biyu maiɗakina ta samu ciki. Yanzu 'ya'yanmu biyu, ba ta taɓa shan allurar ƙwai ko ɗaya ba. Tana da 27 a lokacin, wannan kam ba zan ɓoye ba, amma ina ganin 33 ma ba tsufa ba ne, kuma tunda larurar a jikin namiji take, adalci shi ne a fara da jikinsa.

Likitan Mafitsara ya sake amsawa:

Baban Sadiƙu, Allah ya raya, kuma ƙorafinka yana kan hanya: duk namijin da aka samu da sifili ya kamata likitan mafitsara ya duba shi kafin a fara yi wa matarsa allura. Inda zan ja hankali shi ne lissafin lokaci. Daga ranar tiyatarka zuwa cikin farko an yi kusan shekara biyu, wanda a wajen mai 27 ba komai ba ne, amma mai 33 zai kai ta 35, kuma idan a lokacin aka gane ɗinkin bai yi ba, ko ya buɗe ya sake rufewa kamar yadda yakan faru, za ta shiga dashe da ƙwan da ya fi na yau rauni. Shi ya sa nake so kafin a yanke shawara a auna mata sinadarin AMH a jini, wanda yake nuna yawan ƙwan da ya rage mata, a kuma ƙirga ƙananan ƙwayayen da ke gidan ƙwanta da sikanin. Idan ajiyarta tana da yawa kuma bututun mahaifarta a buɗe suke, a bi shawararka. Idan ta fara ƙasa, a tafi dashe yanzu, tiyatar ba ta guduwa, ana iya yin ta daga baya don haihuwa ta gaba, sai dai a gaya wa mai zuƙo ƙwayoyin ya ɗauka daga cikin ɗan marainan, kada ya yi ta soka siririn bututun ya ƙara masa tabo.

Mai Jiran Rabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na karanta wa maiɗakina amsoshin nan gaba ɗaya, kuma da muka zo kan maganar Hajiya Uwar Biyu sai da ta ce in maimaita mata. Na kira likitana da safe, ya ce ya ji babban bututun a ɓangarori biyu, ya kuma ce shi da kansa ba ya yin ɗinkin madubi amma zai rubuta mini takarda zuwa ga wanda yake yi. Gwajin AMH an ba mu ranar Talata. Mahaifiyata kuwa na yi niyyar zuwa wajenta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kaɗai. Likita, tambaya ɗaya ta rage mini: idan an daskarar da ƙwayoyin a wani gari, ana iya ɗauko su zuwa asibitin da za a yi dashen a wani garin, ko dole ne a yi komai a wuri ɗaya?